Malamar da ke Koyar da Benci

Ana ta yaɗawa wai baƙuwar malamar Turancin nan da ta zo ƙauyenmu aikin sa kai aljanu take koyarwa, har ɗaya ya iya gaisuwa. Ƙarya ce, 'yan uwa. Aljanin da ya san ciwon kansa ba zai zauna kan bencinmu mai ƙusa ba, ni ma shi ya kore ni daga boko.

Lokacin girbi ne kawai, yara duk suna gona, har da 'yar kawuna sarkin zaman bencin gaba. Shugaban makaranta kuwa ya rantse, ranar da ba a yi darasi ba buhunan hatsi zai jibge a ajin. Shi ya sa kullum da hantsi take buɗe ƙofa.

Ga ta can ta taga, doguwa kamar a rataya mata fitila, alli har a gira. Tana nuna bencin baya da babu kowa, ta yi tambaya, ta karkata kunne, ta jira. Jiran nan ne ke tayar mini da tsigar jiki, don sai ta gyaɗa kai a hankali, ta yi murmushi. Wataƙila a ƙasarsu ma ta baro ɗakin da babu mai amsa mata.

Na leƙa na ce, "Malama, ɗaliban naki sun ci jarrabawa?"

Ba ni ta duba ba, bayan kafaɗata ta duba.

Ta ce, "Sun fi ka zuwa aji. Matsa, ka tare wa na bayanka allo."