Tsagar da Sharu Wanzami Ya Ƙi Yi

Shekara arba'in da ɗoriya, da an fito sallar asuba, Sharu kan rataya zabirarsa ya bi lungunan cikin garin Daura: nan askin suna, can ƙaho, gaba kuma tsaga maruru. Bana ido ya fara gazawa, ya ajiye aska. Masu yabon hannunsa suna da yawa. Ni kuwa ranar da ya janye hannun nake son tunawa.

Daminar bariya yayana Jafaru, manomi a Sandamu, ya kwana uku da zazzaɓi da amai. Tsohuwar ƙabar da ke matsematsinsa ta kumbura, ta yi ja, ta ɗau zafi. Mu duka likitocin zaure muka yanke hukunci: ƙurji ne ya nuna, a tsaga a huta. Na ɗauko Sharu a babur.

Ya taɓa wurin, ya danna cikin a hankali, Jafaru ya zabura. Sai Sharu ya mayar da askarsa kube.

"Wannan ba nawa ba ne. Ku kai shi asibiti yanzu."

"Haba Baba Sharu," na ce, "wuri ya nuna, kuma ka ce ka kasa?"

"To, na kasa. Samo mota."

A gaban jama'a ya faɗa, har wani ya yi guna-gunin tsufa ya kama shi. Sharu ne kuma ya riƙe kan Jafaru a motar haya har Daura.

Bayan tiyata likita ya yi mana bayani. Afendis ne, ɗan wutsiyar nan na hanji, ya zurma cikin ƙabar ya ruɓe a can, abin da ba kasafai ake gani ba. An cire shi, an wanke mugunya, an gyara ƙabar. Ya ce da aska ta shiga wurin, da hanji ta huda. Har yau in na tuna ni ne mai matsawa a tsaga, kunya da tsoro ke kama ni.

Kai ne, Baba Sharu, ka yarda a ce ka kasa don wani ya rayu. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu sana'ar hannu, ku koyi sanin inda aikinku ya tsaya. Jafaru na nan a gonarsa, ya ce in gaya maka damin farko na geron bana naka ne.