Karen da Ba Ya Jin Faransanci

Illiassou ɗan Damagaram ne, daga unguwar Birni. Ya sauka Paris a shekarar 2003 da akwati ɗaya da takardar shiga jami'a a Saint-Denis, zai yi digiri na uku a fannin tarihi. Bincikensa a kan tashoshin jiragen ruwan Faransa ne da cinikin bayi. Ya rubuta shafi arba'in da ɗaya. Daga nan tallafin karatunsa ya tsaya, yunwa kuma ba ta tsaya ba.

Wani abokin kwanansa ya nuna masa aikin gadi, ya ƙara masa da cewa mai gadi da kare ya fi mai gadi da hannu biyu samun aiki. Illiassou ya yi istigfari, ya shiga horon. A 2008 wani kamfani ya ɗauke shi tsaron rumbunan kaya a gabashin Lyon, ya kama ɗaki a Vaulx-en-Velin. Tsarin aikin shi ne kare na mai gadin ne, ba na kamfani ba. Gidansa yake kwana, shi ke ciyar da shi, shi ke kai shi likita. Haka Illiassou, ɗan malamin allo, ya wayi gari da kare mai baƙar fuska da dogayen kunnuwa kwance a ƙofar banɗakinsa. A takarda sunan karen César. Illiassou ya sa masa Kure.

Mai horar da su ya ba su shawara tun ranar farko: kowa ya ba karensa umurni da yaren da ɓarawo bai sani ba, don kada ɓarawo ya ce masa kwanta ya kwanta. Yawancin ɗaliban suka ɗauki Jamusanci. Illiassou bai ga dalilin zuwa aro ba. Ya koya wa Kure zo, zauna, kwanta, tsaya, shiru, kama, saki. Mai horarwar ya yaba ƙwarai, ya ce a duk Lyon babu ɓarawon da zai iya da wannan.

Gaskiya ya faɗa. Shekara tara babu wanda ya ɗauki ko kwali daga wurin da suke tsaro. A cikin shekarun nan akan yi mako guda Illiassou bai yi Hausa da kowa ba sai da Kure. Yana da kayan aiki daban, kayan salla daban, yana wanka kafin ya je masallaci ko da bai taɓa karen ba. Mutanenmu na Lyon sun san aikinsa. A gabansa Malam Tarihi suke ce masa, a bayansa mai kare. A Damagaram kuwa abin da aka sani shi ne yana aikin sekirite, kalmar da ta isa ta ɗauki komai, daga ɗan sanda har ministan cikin gida.

A wani hutu ya koma gida ya auri Sahadatou, malamar makaranta. Aka haifi Biba. Takardun ɗauko iyali suka yi shekaru suna yawo daga ofis zuwa ofis, sai a bazarar 2017 suka fito. Saura mako uku su taso ya gaya mata maganar karen, a waya, bayan ya tambayi lafiyar kowa har da maƙwabta.

Sahadatou ta ce, "A waje yake kwana?"

"Nan hawa na shida ne, Sahada. Babu waje."

"To cikin ɗakin da kake salla?"

"Yana da kusurwarsa."

"Yana cizo?"

"Sai an ce masa."

"Malam, Biba shekararta huɗu. Komai ta gani sai ta ja masa kunne. Ni ba na faɗa da kai. Amma ba zan shimfiɗa darduma inda kare ya kwana ba, ba kuma zan bar ɗiyata da shi ba. Ka san yadda za ka yi kafin mu zo."

A watan nan ne kuma kamfanin ya lura Kure na jan ƙafar baya, aka ce wa Illiassou ya nemi sabon kare. Ya zagaya gidajen ajiye dabbobi na Lyon. Ko'ina amsar ɗaya ce, cikin ladabi: kare ɗan shekara goma, wanda aka koya wa cizon mutum, babu iyalin da za su ɗauke shi. A wuri na huɗu wata ma'aikaciya ta rubuta masa lambar Madame Bréchet, wata tsohuwa da ke riƙe karnukan aiki da suka tsufa a gonarta, kusa da La Rochelle. Ya kira. Ta ce ya kawo shi, gwaji ɗaya za ta yi masa, idan ya ci ya zauna har mutuwarsa. Ta tambayi shekarunsa da allurarsa da abincinsa. Ba ta tambayi yarensa ba, shi ma bai ga abin faɗa a ciki ba.

Ranar Laraba suka shiga jirgin ƙasa, iyali kuma Asabar za su sauka. Kure na da tikitinsa da takunkumi a baki. Ya kwanta a kan ƙafafun Illiassou har Paris bai motsa ba.

Akwai sa'a uku kafin jirgi na biyu, sai Illiassou ya bi ta unguwar Barbès. Can ne shagon Alhaji Muntaka, Bamaraɗe mai loda tsoffin firiji da injin mota zuwa gida, yana da rumbu a Saint-Denis da ɓarayi suka saba ziyarta. Illiassou ya tsaya a bakin shagon. Alhaji ya tsaya can ciki bayan tebur, suka yi gaisuwar daga nan, cikakkiya, da ƙarfi saboda ƙarar jirgin metiro a sama.

"Malam Tarihi, wannan wane irin baƙo ka kawo mini da safe?"

"Alhaji, mai gadi na kawo maka. Ba ya barci, ba ya waya, ba ya neman hutun salla."

"Kai, ja shi baya, kar ya shinshina mini atamfa."

"Hausa yake ji, Alhaji."

"Ƙarya kake!"

"Gwada shi."

Alhaji ya leƙo ta saman tabarau, ya daka tsawa: "Kai! Zauna!"

Kure ya zauna.

"La ilaha illallahu. Kwanta!"

Kure ya kwanta, a hankali saboda ƙafar. Alhaji ya yi dariya har ya dafa tebur, ya kira mai shagon waya na kusa ya zo ya gani.

"Wallahi ya fi 'ya'yana. Su in na ce zauna, sai su ce 'pourquoi', wai don me."

"To ka riƙe shi a rumbu, Alhaji. Abincinsa na kaina. Shekara ɗaya ko biyu suka rage masa."

Dariyar ta tsaya. Alhaji ya gyara hula.

"Ɗana, a rumbun nan nake jan salla da masu loda kaya. Gobe a ji a Maraɗi Alhaji Muntaka na kiwon kare a Turai? Kai an san ka da shi, an saba. Ni fa? Kai wa Nasara, su ne ke kwana da su a gado. Zo ka sha shayi. A'a, tsaya nan, a miƙo maka."

Illiassou ya sha shayin a tsaye. Yana juyawa ya ji ana watsa ruwa a dakalin da Kure ya kwanta.

Sun isa La Rochelle bayan azahar. Madame Bréchet ta zo tasha da tsohuwar mota mai warin karnuka. Mace ce gajera, hannuwanta duk tabon haƙori. Ta durƙusa gaban Kure ta bar shi ya shinshine ta, ta shafa masa wuya ba tare da ta nemi wurin wanke hannu ba. A gonar akwai tsoffin karnuka bakwai kwance cikin rana, da kekunan yara jingine da bango.

"Jikokina ne, suna zuwa duk ƙarshen mako," in ji ta da Faransanci. "Shi ya sa gwajin ɗaya ne. Idan ya kama, na ce ya saki, dole ya saki. Ni zan faɗa, ba kai ba. Kai gobe ba ka nan."

Surukinta ya sa rigar kariya mai kauri a hannu. Aka cire takunkumin. Illiassou ya ce, "Kama." Tsufan ya bar Kure na ɗan lokaci, ya tashi sama ya damƙi hannun.

"Lâche!" in ji Madame, wato saki da Faransanci. Kure bai saki ba. Ta maimaita da Jamusanci. Bai saki ba.

Illiassou ya zaro takarda daga aljihu. Tun a jirgi ya rubuta kalmomin bakwai da fassararsu, da kyakkyawan rubutu irin na mai bincike. Ta karanta, ta dube shi, ta ce da ƙarfi, "Saki!" Ta faɗa sau uku. Abin da ya fito daga bakinta bai yi wa Kure kama da komai ba. Surukin ya fara gumi, yana jan baya, karen na rataye da shi.

"Saki," Illiassou ya faɗa ƙasa-ƙasa. Kure ya saki, ya zauna yana haki.

Suka sake gwadawa. Illiassou ya tsaya bayan mota inda karen ba ya ganinsa. Ya koya wa Madame kalmar sau goma, tana biye da shi da iyakar gaskiyarta. A karo na huɗu surukin ya ce ya isa haka, hannunsa ya gaji.

"Wane yare ne wannan?"

"Hausa. Mutum miliyoyi ke yin sa."

"A nan fa?"

Bai san kowa a nan ba.

"Da za ka zauna wata uku, kai kana faɗa ni ina faɗa, wataƙila ya koya. Wataƙila. Ya tsufa."

"Alhamis da Juma'a kawai nake da su."

"Mutanenku fa? Wanda ke jin yaren?"

"Na tambaya, Madame. Su yana jin maganarsu."

Ba ta gane ba, bai kuma yi bayani ba. Ta daɗe tana shafa kan Kure. Sannan ta rubuta masa sunan likitan dabbobi a cikin gari wanda zai yi wa karen allurar mutuwa, ta ce mutum ne mai hannu mai sanyi, za ta kira shi, gobe ƙarfe goma sha ɗaya.

Suka kwana a wani ƙaramin masauki kusa da tasha. Da safe ya ɗauki Kure zuwa tsohuwar tashar jiragen ruwa. Hasumiyoyin dutse biyu na tsaye a bakin mashigar, kamar yadda ya gan su a littattafai. Daga nan jirage suka riƙa tashi zuwa gaɓar Afirka ɗaukar mutane, shi da kansa ya rubuta hakan a shafi na goma sha biyu, bai taɓa zuwa ba. Yanzu masu yawon buɗe ido ne ke shan kofi a wurin. Wasu suka tambaye shi ko za su iya ɗaukar hoton karen. Ya ce to.

Ya sayi kaza gasasshiya guda, suka gangara inda babu mutane, ya cire takunkumin. Ya zare ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya, don ƙashin kaza na yi wa kare illa, sai da ya kusa gamawa ya lura da abin da yake yi. Bai daina ba. Kure ya cinye, ya je ya lashi ruwan teku, ya yi atishawa, ya dawo ya dube shi kamar mai neman bayani.

"Gishiri ne," in ji Illiassou. "Haka nasu yake."

Likitan matashi ne mai magana a hankali. Ya duba takardun César, ya duba ƙafar, ya ce ya yi magana da Madame Bréchet. Ya roƙi Illiassou ya sa karen ya kwanta, tunda shi ba zai iya ba. Illiassou ya sa shi. Ya riƙe kan Kure da hannu biyu, yawun na zuba a kan wandonsa. Allura biyu ce. Tsakanin ta farko da ta biyu ya yi masa magana, likitan ya juya baya ko da yake ba ya jin ko kalma.

Da aka gama aka tambaye shi yadda za a yi da gawar. Ya ce a binne. Aka tambaye shi ko yana da fili. Ba shi da shi. Aka ce to sai ƙonawa, tare da wasu. Ya tsaya da alƙalami a hannu har likitan ya kawo masa ruwa. Ya sa hannu.

Babu wanda zai yi wa mutum ta'aziyyar kare, bai kuma nema ba. Ranar Asabar ya sa babbar riga ya je filin jirgin Lyon. Biba ta ɓuya bayan uwarta. A cikin tasi Sahadatou ta tambaye shi ba tare da ta dube shi ba.

"Ka kai shi wurin?"

"Na kai shi."

"Masu kirki ne?"

"Masu kirki ne."

Kwana biyu ta yi tana wanke ɗakin, daga ƙofa har bayan hita mai ɗumama ɗakin, inda gashi ya taru. Illiassou ya riƙe mata bokiti. Ranar Litinin ya je kamfanin ya ce ba zai nemi sabon kare ba. Aka mai da shi ƙofar wani babban kanti a Vaulx-en-Velin, yana duba jakunkunan mata, daga ƙarfe tara zuwa ƙarfe biyar.