Katin Husaina

Har gobe ban manta da wata ranar kasuwa ba, a wani ƙaramin asibitin ƙauye kusa da Argungu, lokacin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato. Wata uku ke nan da turo ni a matsayin malamin asibiti. Ni ɗan Birnin Kebbi ne a takarda, amma a Kano na tashi, don haka na zo da farar riga, da sabon agogo, da tabbacin cewa babu mai Hausa kamar tawa.

Ƙarshen damina ne, lokacin da wata irin mura ke kama jarirai. Takan fara da majina da tari, bayan kwana biyu sai ta sauka ƙirji, numfashi ya gagara. Sai daga baya a wani kwas aka gaya mana sunanta RSV, kuma ba a bakin gulbin Rima kaɗai take ba, duk duniya tana kwantar da jarirai. Ƙa'idar aiki ita ce ka ɗaga rigar yaro, ka ƙirga numfashinsa minti guda, ka duba ko haƙarƙarinsa yana lotsawa.

Da na ga cunkoso ya yi yawa, sai na kafa doka: uwa ɗaya, yaro ɗaya, 'yan rakiya su tsaya waje. Na ji daɗin dokar nan ƙwarai.

Wajen hantsi wata matar masunci ta shigo da goyo, kanta a sunkuye, ta ce, "Malam, ɗiyana na ba lahiya."

A raina har da yi mata gyara, na ce ga mace a bayanta, ai ɗiyata ake cewa. Na tambayi suna, ta ce Husaina. Na rubuta a kati, na ƙirga numfashi da agogona, na ga lafiya lau, majina ce kawai. Na ce ta riƙa share mata hanci, ta yawaita ba ta nono. Ta tsaya tana murza bakin mayafi kamar mai sauran magana, ni kuwa na ƙwala wa ta gaba kira. Ta fita.

Inna Kulu, tsohuwar ungozomarmu, ita ke tattara katuna. Ba ta iya boko sosai ba, sai ta haɗa baƙi ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe a kan katin, sannan ta ɗago.

"Malam, Husaina ka rubuta. Hassanar hwa, ina anka baro ta?"

Sai a lokacin na gane tagwaye ne. A bakin mutanen nan, ɗiyana na nufin 'ya'yana. Matar ta faɗa mini daidai, sunan ma ya faɗa mini, ni ne kurman.

Na fita da gudu, takalmi ɗaya ya cire ban waiwaya ba. A hanyar kwatar masunta na tarar da su, kakar yaran da ta yi mata rakiya tana rungume da Hassana. Uwar ta ce tun jiya ta daina kama nono, amma an ce yaro guda ka shiga, shi ya sa ba ta yi gardama ba. Da na ɗaga rigar ban ma nemi agogo ba. Haƙarƙari na lotsawa, leɓɓa sun fara yin duhu.

Motar albasa muka tare, ta kai mu babban asibiti, aka sa mata iskar taimakon numfashi. Kwananta shida aka sallamo ta da rai.

Shugabanmu bai yi mini faɗa ba. Ya dai tambaye ni ko a makarantarmu ana haihuwar Husaina ita kaɗai. Da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Washegari na soke dokar da kaina.

Abin da nake gaya wa na bayana shi ne, mutanenmu ba sa maimaita wa mai farar riga magana, sau ɗaya suke faɗa, a hankali. Har na yi ritaya ban sake sallamar uwa ba sai na tambaye ta wa ta baro a waje.