Gwajin Jinin da Na Hana

Da za a maido mini da rana ɗaya in gyara, da na zaɓi Asabar ɗin da muka sa ranar auren ɗana da 'yar ƙanena a soron gidanmu na Mandawari. Yaran suna son juna tun suna ƙanana. Ni ne babba a gidan, maganata ce ta ƙarshe.

Da safen ranar, babbar 'yata, wadda ke koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata a Dukawuya, ta same ni ina shan koko. Ta ce a bari yaran su je asibiti a gwada jininsu tukuna. Ni karatuna bai wuce firamare ba, daga nan sai ɗinkin hula. A kunnena, jini asali ne. In an ce wane jininsa mai kyau ne, iyaye da kakanni ake nufi. Sai na ji kamar cewa ta yi a je a bincika ko mu 'ya'yan halak ne.

Ta ɗebo wake fari da ja a faranti. Ta ce kowane mutum ƙwaya biyu yake gada, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai ja guda ɗaya lafiyarsa ƙalau, bai ma san yana da ita ba. Amma in ja ta haɗu da ja a jikin yaro, amosanin jini ke nan.

Na ce, "Ni da uban yarinyar ciki ɗaya muka fito, jinin ɗaya ne. Me za a gwada? Mai da waken nan madafa, Malama, nan ba aji ba ne."

Ta ce, "Baba, ai zamansa jini ɗaya shi ne abin tsoron."

Na kore ta. Aka yi biki.

Haihuwar fari mace ce, lafiyayya, har na riƙa tsokanar 'yata ina tambayarta ina jan waken. Na biyu namiji ne. Bai shekara ba hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, ko taɓa shi aka yi sai ya tsala ihu. Asibiti suka ce amosanin jini ne.

Maimakon in yi shiru, sai na ce daga wajen matar ƙanena aka kwaso, tunda ita ba 'yar dangi ba ce. A gidan suna na faɗa, a gaban mutane. Ta daina shigowa gidanmu.

Bayan shekara biyu 'yata ta raka ni asibiti saboda hawan jini, ta roƙe ni a haɗa da wancan gwajin. Na yarda don in rufe mata baki. Aka samu ƙwayar a jikina. Ƙanena ma da aka gwada shi, haka. Matarsa kuwa babu ko ɗaya.

Na je gidansu a Ƙofar Ɗan Agundi na ba ta haƙuri. Ta kawo mini ruwa, ta ce ta yafe, amma ba ta zauna ba.

Yanzu yaron ya shiga aji uku. Da damina ya fi kwana a asibiti a kan zuwa makaranta. In ciwon ya taso, ni yake kira in danna masa ƙafa, wai hannuna ya fi laushi. Bai san komai ba tukuna, kuma wata rana dole in gaya masa da bakina.

Don Allah, wanda ya karanta wannan, in 'ya'yanka za su yi aure, bari a gwada su kafin a sa rana. Kada ka yi irin tawa.