Gahawan da Ɗan Tuta Ya Shanye

Ranar da na kai Ɗan Tuta majalisar Abu Fahad ba ta taɓa fita daga raina ba. Na ji ku jiya kuna ba da labarin kuna ƙyaƙyata dariya, alhali babu ɗayanku da ya iso Riyad a lokacin. To ni a gabana aka yi, bari ku ji shi daga tushe.

A wancan lokacin ni ne direban ofis a wani kamfanin gine-gine da ke unguwar Ulaya. Aikina in kwaso injiniyoyi daga masaukinsu in kai su wurin gini, da yamma in mayar da su. A cikinsu akwai wani Ba'amurke, Mista Gilan, dattijo mai jan wuya, shi ne jami'in da ke kula da lafiyar leburori a bakin aiki. Mu direbobi Ɗan Tuta muke ce masa, saboda tutar ƙasarsu da ya manna a hular kwanonsa.

Mutum ne mai surutun siyasa. Da guntun Turancina da guntun Larabcinsa muka san juna a hanya. Ya ce masana'antar da ya yi wa aiki tun yana saurayi an rufe ta an kai ta wata ƙasa, ya daɗe zaune ba aiki kafin ya samu wannan. Gwamnatinsu tana ba marasa aiki tallafi, shi kuwa ya ƙi karɓa, wai namiji ba ya cin abin da bai yi wa gumi ba. Yana zagin 'yan siyasarsu kamar sun kashe masa uba, amma kada ka kuskura kai ka taɓa ƙasar. Ya tsani haraji, ya tsani masu tsallaka musu iyaka. Wata rana na ce masa, “Mista, kai ma fa baƙo ne a nan, kamar ni ɗan Maraɗi.” Ya ce, “Haka ne, Sani, amma ta ƙofa na shigo.” Na ce ni ma ai ba ta taga na shigo ba. Ya yi dariya har da tari.

Kun san dokar ƙasar nan, daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba ba a aiki a fili daga sha biyun rana zuwa uku. A bazarar nan ginin ya makara, manajan aiki ya ce a ci gaba da zuba kankare da tsakar rana. Ɗan Tuta ya je ya tsaya gaban motar kankare ya ce babu mai motsi. Aka yi cacar baki a gaban jama'a, ya kira manajan maƙaryaci. Kafin ƙarshen mako an sallame shi.

Ga wanda bai sani ba, a nan iƙamarka, wato izinin zamanka, tana ɗaure ne da aikinka. In aikin ya tafi kuma ba ka samu wani kafili ba, wato ubangidan da zai tsaya maka, sai fita ta ƙarshe daga ƙasar. Ɗan Tuta ya zaga ofisoshi da ƙafarsa, kowa ya dubi furfurarsa ya ce za a kira shi. Babu wanda ya kira.

Abin ya tsaya mini a rai. Ba don yana sona ba, na tabbata da a ƙasarsu ya gan ni, da ƙuri'ar a kore ni zai jefa. Amma na ga leburorin da ya hana a gasa, cikinsu har da 'yan garinmu. Kuma ina da 'yar alfarma wajen mai kamfanin, Abu Fahad, domin na daɗe ina tuƙa mahaifinsa kafin ya rasu. Na je na roƙa a bar ni in kawo baƙo majalisarsa bayan la'asar, aka amince.

A hanya na koya wa Ɗan Tuta al'adar mutanen nan. In aka miƙa maka kofin gahawa kana da buƙata, ba ka sha, sai ka ajiye shi a gabanka. Maigida zai gani, kuma abin kunya ne gare shi baƙo ya bar gahawansa ya huce. Zai ce ka sha, buƙatarka ta biya. Na ce masa, “Ba sai ka ba da haƙuri ba, ba sai ka ce uffan ba. Ka ajiye kofin kawai, sauran ka bar mini.” Ya ci gaba da kallon titi. Ni kuwa na ɗauka ya amince.

Muka shiga, majalisa cike da dattawa, manajan ma yana zaune a gefe ya sha mur. Aka gaisa, mai gahawa ya zo ya zuba, ya miƙa wa Ɗan Tuta. Ya karɓa da hannun dama kamar yadda na ce. Na ga Abu Fahad yana kallon kofin, har ya gyara zama, na rantse a shirye yake ya yafe. Ɗan Tuta ya dubi kofin, ya dube ni, ya kai baki ya shanye tas. Ya girgiza kofin alamar ya ƙoshi, ya mayar.

Na ce, “Ɗal umrak, ranka ya daɗe, baƙo ne, bai san al'ada ba.” Ɗan Tuta ya ce, “Na sani. Sani ya koya mini. Fassara masa.” Dole na fassara. Ya ce ya gode da gahawa, kuma bai zo ɗaure maigida da kunya don a ba shi aiki ba. In ana son aikinsa don yana da kyau, ga shi. In kuwa don tausayi ne, a riƙe. Kuma gobe ma in ya ga ana zuba kankare da tsakar rana, gaban motar zai tsaya.

Abu Fahad ya ɗan yi murmushi ya ce, “Allah ya ba ka lafiya.” Ku kun san abin da wannan ke nufi, an rufe magana.

A mota na sauke masa kwandon masifa. Na ce na zubar da mutuncina a banza, kuma taurin kai mai arha ne ga wanda ke da fasfon Amurka da gida na jiransa. Ya bari na gama. Sannan ya ce gidan an sayar tun kafin ya zo, a garejin ajiye mota na gidan ƙaninsa zai sauka, kuma a shekarunsa da wuya wani ya ɗauke shi. Na ce, “To ƙasar da ta yi maka haka, me kake so a cikinta?” Ya ce, “Ba ƙasar ce ta yi mini ba, wasu mutane ne, kuma zan je in jefa ƙuri'a in kayar da su. Ƙasar tawa ce, Sani, ko da aiki ko babu.” Sai na ƙara wa mota wuta.

Ni na kai shi filin jirgi. Ya ƙi bari in ɗaukar masa jaka.

Har yau ban yarda da rabin siyasarsa ba, kuma har yau in na tuna ranar sai raina ya sosu. Amma abin da na koya shi ne, a wannan aiki namu na baƙunta mun saba da sunkuyar da kai har mun ɗauka shi ne hankali, duk wanda ya ƙi sunkuyawa sai mu ce wawa ne. Ni na tsara masa roƙo ban tambaye shi ko yana so ba. Ku ci gaba da neman alfarma in ta kama, ni ma ina nema, ina da iyali. Amma mutumin da ya san garejin ƙaninsa ne ke jiransa, ya ɗaga kofin nan ya shanye, ba za a yi masa dariya a gabana ba.