Ranar da Teɓar Doyle Pruett Ta Taka Doka

Duk wanda ya taɓa kai saniya gwanjo a karar garinmu ya san Doyle Pruett. Shi ne ƙaton nan mai kakin gadi da malafa da ke bakin ƙofa, yana tauna tsinke, yana nuna wa direbobin tirela wurin tsayawa kamar ba su da idanu. Mijin yayata Verna ne, Allah ya jiƙanta, don haka ina da lasisin faɗin abin da na ga dama a kansa, kuma nawa lasisin ba a sabunta shi.

Gidansu gidan 'yan sanda ne. Ubansa ya yi, yayyensa sun yi. Shi ma ya nema, aka ce ya zaga fili da gudu a gani, ya yi rabi ya nemi inuwa ya zauna. Daga nan ya koma gadi, ya riƙe aikin hannu bibbiyu. A nan Texas masu gadi iri biyu ne, akwai mai lasisin rataya bindiga, akwai mai tocila, kuma Doyle ya gwammace a binne shi da ransa da a gan shi da tocila. Shekara da shekaru yana ƙofar nan bai taɓa harbin ko ɓera ba. Sau ɗaya ya kai hannu ga kube, ranar da wani bijimi ya ɓalle, shi ma don kar bindigar ta faɗi ne yana haura shinge.

Bel ɗin da yake rataya bindigar a jiki, Verna ce ta sa mai ɗinkin sirdi ya yi masa, fatar saniya mai kauri da sunansa a baya. Tun yana saurayi ba siriri ba ne, ga shi girkin yayata ba ya barin mutum yadda ya same shi. Duk sa'ad da bel ya matse, sai ta shimfiɗa shi kan katakon yankan nama, ta ɗauko ƙusa da guduma ta ƙara huda, tana yi masa tsiya.

"Ka bi a hankali, maigida, saniyar ta kusa ƙarewa."

Da ta rasu, zawarawan cocinmu suka yi abin da aka saba, kowacce ta kawo kwanon abinci gidan makoki. A al'ada 'yan makonni ake yi a daina. To amma namiji mai gidan kansa da a-kori-kura da haƙoransa na asali ba kullum ake samunsa ba. Nadine Sills, wadda ta binne maza biyu, ita ce kan gaba, yau ƙirjin sa gasasshe, gobe wake da barkono da burodin masara. Shi kuma Doyle an yi masa tarbiyya, ba ya mayar da kwano da saura. Bel ya daina zagaye ƙugu. Na ce ya kawo in huda masa, ya ce a'a, ya kau da kai. Sai ya sauke shi ƙasan ciki, ya maƙala a hudar ƙarshe da Verna ta yi, teɓa ta zubo ta rufe bel da kube da bindiga gaba ɗaya.

A waɗancan shekarun dokar jiharmu baki biyu gare ta. In kana bakin aiki cikin kaki, dole bindigarka ta kasance a fili kowa ya gani. In ka tashi aiki ka sa kayan gida, lasisin ɓoyewa ne ke aiki, dole kada kowa ya ga ko ƙeyarta. Doyle yana da lasisin duka biyun, kuma cikin mako guda ya taka duka biyun.

Wani mai duba masu gadi ya zo daga babban birni, siririn yaro da tabarau. Ya dubi Doyle sama da ƙasa ya ce, "Yallaɓai, ina makamin?"

Doyle ya sa hannu biyu ya ɗaga teɓa. "Ga ta nan, ɗan nan, lafiyarta ƙalau."

Yaron bai yi dariya ba. Ya ce in ya dawo bai ga bindiga da idonsa ba, ba tare da an ɗaga masa komai ba, za a karɓe lasisin. Ranar Asabar kuma a kanti, Doyle ya miƙa hannu zai ɗauko wa wata baƙuwa kwalbar zuma daga saman kantar kaya, riga ta ɗage, ƙaramar bindigar da ya soke a baya ta leƙo tare da abin da bai kamata a gani ba. Matar daga bakin teku ta ƙauro, ba ta saba ganin bindiga ba, ta kira 'yan sanda. Ɗan sandan da ya zo ɗan yayan Doyle ne, ya yi masa gargaɗi yana cije leɓe.

Ajin lasisi a ɗakin bayan shagon abincin dabbobi ake yinsa, ni ke dafa musu kofi. Royce Tackett ke koyarwa, tsohon soja mai kunne ɗaya da ke aiki. Yini guda yake yi yana bayanin inda doka ta hana harbi, ɗalibai kuma, daga kakanni masu jakar hannu har likitan haƙori, tambayarsu ɗaya ce: to yaushe aka yarda? A nan Doyle zai sabunta lasisin gadinsa da kaka, kuma sai Royce ya sa hannu.

Royce ya ce masa, "Mutumina, ka sayi sabon bel mai tsawo ka ɗaura a saman tudun, magana ta ƙare."

"Wannan ne bel ɗina."

"To a ƙara huda."

"Mai hudar ba ta nan."

Na ce, "Yaya Doyle, ƙusa ce fa da guduma, ba tiyatar zuciya ba." Ya yi mini kunnen uwar shegu. Wallahi haushi ya kama ni, don na san taurin kansa, na kuma san dalili.

Sai ya yanke shawarar da ba wani ɗan Texas mai hankali da zai yanke: ya daina cin nama. Ya koma dafaffen kabeji da baƙin kofi. Ya fara mayar da kwanuka a cike, da godiya. Coci ta ɗauki zafi. Nadine ta kai ƙara wurin fasto cewa ana wulaƙanta ni'imar Allah, aka sa sunansa cikin masu neman addu'a tsakanin mai ciwon ƙoda da wadda ɗanta ke kurkuku. A kara, mahauta suna wucewa ta gabansa da gangan da nama a takarda, ko gezau. Bel ya hau ƙugu, ya riƙa komawa baya huda bayan huda, kamar mai bin sawun aurensa. Na ce ya isa haka nan. Bai ji ba, ya wuce gona da iri, wuya ya zama na talotalo.

Ranar gwaji muka fita filin harbi bayan shago. Doyle ya tsaya a layi, kaki ya sha guga, bindiga a fili har daga titi ana hango ta. Royce ya ba da umarni. Doyle ya ja numfashi ya shafe ciki irin na jarumai, sai bel da kube da wando suka sauka tare har gwiwa. Ashe ko hudar farko, ta shekarar aurensu, ta yi masa yawa.

Ba wanda ya yi dariya sai ni, ni ma a hannun riga na yi ta.

Royce ya ce, "Kowa ya ajiye makami." Ya matso ya rage murya, irin rage muryar kurma da kowa ke ji. "Doyle, ba zan bar mutum ya harba da kube yana yawo ba. Za mu sha kofi mu dawo. In bel bai zauna ba, ba zan sa hannu ba, ka san abin da ke biye."

Kowa ya shige ciki ban da ni. Kafin likitan haƙorin ya shiga ya ce zai ara masa nasa, Doyle ya girgiza kai. Ya tsaya shi kaɗai a rana, hannu ɗaya riƙe da wando, yana kallon fatar nan. Da na gan shi haka, sai dariyar ta tsere mini, tausayi ya cika ni har na ji haushin kaina. Can ya zare kuben ya ajiye a benci, ya miƙo mini bel ɗin ba tare da ya dube ni ba.

"Darla, hannunku ɗaya da ita."

Na zaro ƙusa daga jikin allon harbi, na ari guduma a shago, na shimfiɗa bel a kan kututture. Hawaye ya hana ni gani sosai, na buga wa babban yatsana kafin in samu fatar. Na ce, "Ka bi a hankali, uban taurin kai, ta wannan gefen ma saniyar tana da iyaka."

Ya ɗaura, ya zauna daram. Ya yi harbinsa, ya ci gwajin da ƙyar kamar yadda ya saba, Royce ya sa hannu. A hanyar gida na ce mu tsaya wurin mai gashin nama, bai yi musu ba. Muna jiran nama ya sunkuya yana shafa sabuwar hudar da yatsa.

"Ta karkace," in ji shi.

Na ce, "Duba sauran da kyau, nata ma duk a karkace suke."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa har ƙarshe. Naman ya zo ya huce a gabansa bai taɓa ba.