Satin Ƙanƙarar Haladu

A unguwar Sharafiyya, nan ƙasa mai tsarki, aka haifi Haladu, kakansa ne ya zo hajji daga Haɗeja ya ga wuri ya zauna. Shekararsa hamsin da takwas, kuma duk sanyin da ya sani a duniya na mukayyif ne, na'urar sanyaya ɗaki. Amma kaf layinmu, wanda ke son sanin satin da dusar ƙanƙara za ta sauka a Jabal Lauz, dutsen nan na wajen Tabuk, ƙofar Haladu yake bugawa.

Mai gadin ƙofa ne a wani sito a Madinar Masana'antu. Direbobin manyan motoci da ke saukowa daga arewa ba sa wuce shi sai sun sha shayi, shi kuwa yana ta tatsar su: sun ga Larabawan daji sun fara sauko da tantuna? Ruwan jarka ya daskare da asuba? Sai ya haɗa da wayar Hashim, wani Bahaushen Sudan mai kiwon raƙuma a gindin dutsen. Ya yi kwana biyu yana shafa gemu, sannan ya faɗi sati. Ba kullum yake dacewa ba, amma yakan dace har abin ya isa a yi masa suna.

Ita ƙanƙarar can ba ta jiran baƙo. Ta zuba da safe, kafin azahar ta zama taɓo, ga tafiyar ta fi awa goma. Dole mutum ya riga ta isa, dole kuma ya nemi hutu tun da wuri. To nan Haladu ke cutar kansa. Da ya faɗi satin, sai ma'aikata su ruga ofis su cike takarda, sito kuwa mutum biyu kawai yake saki a lokaci guda. Shekara bakwai yana tsaye a ƙofa ana turo masa hotuna, mutane na zamiya a kan kwali suna gode masa.

Bara matarsa Mastura ta gaji. Ta ce, “Abu Nuha, saura shekara biyu su sallame ka, gwiwar nan kuma ba ƙara lafiya take ba. Sai yaushe? Ko sai an ɗauke ka a keken asibiti?”

“Hajiya, in an tambaye ni sai in yi ƙarya?”

“Wa ya ce ka yi ƙarya? Rufe bakin, ko na sati ɗaya. Na san zai yi maka wuya.”

Ya yi masa wuya kuwa. Duk wanda ya tambaya sai ya ce raƙuma ba su gama shawara ba. Har mudir Thamer, manajan siton, ya kira shi ofis, ashe shi ma yara sun dame shi.

“Ya ammi Haladu, wane sati ne bana?”

Haladu ya zaro takardar hutu daga aljihu, ya shimfiɗa a tebur, ya ɗora babban yatsa a kan kwanan watan. “Sa hannu tukuna, sai in ɗage yatsan.”

Thamer ya yi dariya har da tari. “Halas, shi ke nan, ka koyi ciniki da tsufa.” Ya sa hannu, ya leƙa, ya rubuta wa kansa satin.

Haladu da Mastura suka isa Tabuk, Thamer da yaransa ma suka sauka a wani masauki. Kwana uku sama wasai, ko gajimare babu. Thamer ya riƙa bugo waya yana cewa yara na gaishe shi, gaisuwar da ba ta alheri ba. Haladu ya daina cin abinci. Ran na huɗu Hashim ya kira bayan sallar asuba, ya ce, “Yalla, ku hawo.”

Sun tarar da dutsen fari tas. Haladu ya fito daga mota da silifa da safa, don a tunaninsa safa ta isa kowane sanyi. Taku uku ƙafa ta jiƙe. Bai koma ba. Ya durƙusa ya damƙi ƙanƙarar, ya shinshina, har ya ɗanɗana, yana ta “Masha Allah” haƙora na kaɗawa. Sai ya karɓi kwali a hannun Thamer, ya zauna, ya ce a tura shi. Bai yi nisa ba kwalin ya juya, ya ƙarasa gangaren da baya, shimaginsa, mayafin kansa, ya tsaya a sama.

Mastura tana cikin mota, bargo biyu, gilashi a buɗe kamar faɗin yatsa. Ta ce, “Abu Nuha, ka gani, ka taɓa, ka ci. Shigo mu tafi.”

Yana kwance a ƙasa ya ɗago hannu. “Sau ɗaya kuma, Hajiya. Ɗazu ban ga hanya ba.”